Buhu na Arba'in da Bakwai

A Grand Junction, Talata da hantsi,
mota ta sauke buhu sittin a bakin ƙofa.
Ni ce mai yanke bakinsu,
in niƙa, in tankaɗe, in auna,
in miƙa wa na'ura ta tona cikin dutse.
Shekara tara ina cin tuwo da ƙasar mutane,
ban taɓa tambayar ta gidan wa ce ba.

Na arba'in da bakwai ya riƙe mini hannu.
Rubutun wanda bai ji harshen ba, a karkace:
Rijiyar Barmo, rami na uku, mita tamanin.

Barmo kakana ne.
Da dagi da tsohuwar ƙwarya ya haƙa ta,
gaba goma sha biyu ya cim ma ruwa, ya fito,
ya ce abin da ke ƙarƙashin ruwa ba rabon ɗan Adam ba ne.
Ga shi baƙi sun zarce inda ya tsaya.

Na tuɓe safar hannu, abin da doka ta hana.
Ƙasa toka-toka, da ɗigon rawaya
kamar an barbaɗa mata garin ɗorawa.
Na'ura ta kama ƙas-ƙas-ƙas,
gugguru a kasko, ta ƙi yin shiru.
Darlene ta leƙo ta saman tabarau, ta yi fito,
ta ce, yuraniyom ke nan mai kyau,
masu wannan ƙasa sun haye.
Na ce, haka ne.
Ban ce mata a kanta na koyi tafiya ba.

Da rana muka ci abinci a gindin bango,
tana kallon tsaunin da ya yi kama da littattafai a jere.
Ubanta ya shiga rami yana ɗan sha takwas.
A zamaninsa, in ji ta, kyauta ake ɗibar yashin masana'anta,
aka zuba a harsashin gidaje har da makaranta,
daga baya aka dawo da diga ana tone ɗakunan kwana.
Ya ƙare kwanansa yana jan tulun iska a baya
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.
Ta goge baki, ta ce amma da kuɗin ya kai ta jami'a.

Da dare Ilu ya kira, murya duk haƙora.
An ɗauke shi gadin motar haƙa,
an ba shi takalmi mai bakin ƙarfe.
Za a yi hanya, Ladidi, za a yi asibiti,
wai har wuta za a jawo.
Maigari ya sa hannu, an yanka raguna biyu.
Ke da kike can, me ake cewa?

Ni ma na sa hannu a wata takarda
wadda ta ɗaure mini baki.
Kuma me zan ce wa wanda matarsa ta haihu a amalanke
tsakanin gida da birni?
Ba a hana mai ƙishirwa kallon tulu.
Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe,
ga Doma nan ina haya a cikinta.

Na ce, Ilu, nemi kwalba mai murfi,
ka ɗebi ruwan rijiyar gobe kafin mata su zo,
ka rubuta kwanan wata a jiki, ka ɓoye a rumbu.
Kowace shekara ka ƙara ɗaya.
Ya yi dariya, ya ce boko ya taɓa ni.
Na ce, ka dai ɗiba.

Washegari na rubuta lambar yadda na'ura ta faɗa,
ban rage ba, ban ƙara ba.
Na wanke hannu sau uku da sabulun kamfani.
Ƙarƙashin farcen babban yatsa
wani ɗan baƙin layi ya ƙi fita,
na bar shi har Juma'a.